Hannun Gem Mai Jan Hagu

Ranar Talata da hantsi Surayya ta tsaya a gaban teburin Habibou, a ƙarƙashin wani bene da ke Iyana Ipaja, ta rungume jakarta da hannu biyu. Wurin bai kai a kira shi shago ba. Lungu ne da aka tare da katako, da ƙwan fitila ɗaya, da bencin da ba ya ɗaukar mutum uku. 'Yan danfo, motocin hayan Legas, na ta kwarmato a titi, amma saurayin da ke ciki bai ɗago ba. Ya duƙufa kan wata waya da ya farke, siririn hayaƙi na tashi daga bakin ƙarfen da yake narka dalma da shi.

Ta yi sallama. Ya ɗago ya amsa, kuma daga jin harshensa ta san ba haifaffen Legas ba ne.

"An ce kana gyaran hannun gem," in ji ta.

Ta fito da shi naɗe cikin tsohon ɗankwali. Baƙi ne, gefensa ya goge har yana sheƙi saboda yawan riƙo. Habibou ya miƙo hannu, ita kuwa ta janye.

"Malama, in ban taɓa ba, ƙaƙa zan gane ciwonsa?"

"Zan faɗa maka. Wannan ɗan ƙullin na hagu da ake juyawa da babban yatsa…"

"Analog."

"Shi. Ko ba a taɓa shi ba, ɗan ƙwallon da ke cikin talabijin sai ya kama tafiya hagu shi kaɗai."

"Ya cinye ne ta ciki. Sai an cire shi daga fanel, allon da ke cikinsa, an sa sabo. Ƙafa goma sha huɗu gare shi, kowace an liƙe ta da dalma. Ki bar shi, jibi ki dawo."

"Ba zai kwana a nan ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Na ƙanena ne. Ya rasu."

Habibou ya ajiye ƙarfen. Ya yi mata ta'aziyya a natse, bai ƙara miƙa hannu ba.

Wata takwas ke nan da mota ta kaɗe ƙanen nata Ridwanu a kan okada a hanyar Abule Egba. Mahaifiyarsu ta rasu tun suna ƙanana, don haka gidan nasu na Agege ya koma na mutum biyu: Surayya da keken ɗinkinta, da mahaifinta Alhaji Bature, dillalin fata a mayanka. Da can Alhaji mutum ne mai surutu da tsokana. Kowace Lahadi bayan la'asar shi da Ridwanu sukan baje a falo suna buga ƙwallo a gem, suna ihu har maƙwabta su leƙo. Yanzu kuwa sai ya wuni bai yi mata maganar da ta wuce "Sannu, Uwata" ba, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Amma Lahadin bai fasa ta ba. Sai ya kunna gem ɗin, ya danna a fara wasa, ya ajiye hannun Ridwanu a tebur, ya zuba wa talabijin ido. Surayya takan leƙo daga ƙofar kicin ta ga ɗan ƙwallon yana sulalewa hagu har ya kai bakin fili. Sai Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya kashe. Ita a lissafinta, wasan yake so ya buga, abin ya lalace, kuma ba ya iya kai kayan ɗansa gyara. Ta ƙudurta cewa in ta gyara masa, wataƙila ta samu ubanta ya dawo falo, ko da ita ce za ta zauna ya ci ta goma.

Duk wannan ba ta faɗa wa Habibou a ranar ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Koya mini in yi da kaina."

Da wani mai gyaran ne, da ya yi dariya. Habibou bai yi ba. Shekararsa biyar da barin Maraɗi. Uku ya yi a Alaba yana koyon aiki a hannun Oga Abdulganiyu, biyu a wannan lungun. Ɗakinsa na haya yana Abule Egba, shi kaɗai yake cin tuwonsa, kuma duk maganar da yake yi a wuni ba ta wuce "ya gyaru" da "bai gyaru ba". Da ya ji wani yana son zama a bencinsa ba don jiran waya ba, sai ya rasa inda zai sa idonsa.

"Dakor, na yarda," ya ce. "Amma ba da wannan za ki fara ba. Mayar da shi gida. Gobe ki zo, in akwai kuran."

"Kuran?"

"Wuta. Lantarki."

Ta ɗan murmusa, karon farko a wata takwas. "To, Malam Kuran, sai goben."

Washegari da Alhaji ya fita mayanka, ta rufe keke ta hau danfo. Habibou ya zube mata matattun fanel na tsofaffin rediyo da rimot, ya danƙa mata ƙarfen, ya ce masu gyara ayan suke kiransa. Riƙon biro ta yi masa, ta kai yatsa kusa da baki.

"Kai! Baya, baya!"

Ina, ta riga ta ƙone. Ta yarfa hannu tana cewa, "Ye! Wannan abin mugu ne, abi?" Ya miƙa mata ruwan sanyi, yana ba ta haƙuri kamar shi ya ƙona ta.

A satin farko ta yi duk ɓarnar da ɗan koyo ke yi. Ta narka dalma a kan ayan ta ɗiga, ya zama ƙulli mara kamawa. Ta haɗe ƙafa biyu da bai kamata su haɗu ba. Habibou ya nuna mata cewa ƙafar ake ɗumamawa, sannan a kawo dalma ta narke da kanta ta kwanta. Hannun ɗinki ya taimake ta, don ba ya rawa. Haƙuri ne dai babu.

Cirewa ta fi liƙawa wuya. Akwai wani abu mai kama da sirinji da ake zuƙe narkakkiyar dalma da shi. Surayya ta ɗora ayan a kan wata tsohuwar ƙafa, ta jira, ta jira, dalmar ta ƙi narkewa. Sai ta ciji leɓe ta fizgo. Ƙafar ta fito, amma ta taho da siririn jan ƙarfen da ke shimfiɗe a jikin fanel.

"Kin kashe shi," in ji Habibou. "Da na ƙanenki ne, da shi ke nan."

Ta ajiye ayan.

"Tsohuwar dalma taurin kai gare ta. In ta ƙi narkewa, ba a ja. Sabuwa ake ƙara mata, su gauraya, sai su narke tare. Sannan ki zuƙe."

"In ƙara abin da nake son cirewa?"

"Haka aikin yake, Maƙeriya."

Sunan ya zauna. Tun daga ranar ba ta ƙara jin Malama a bakinsa ba.

Sati uku tana zuwa. Ta fara taho masa da ɗumame a kula, wai don ta gaji da ganin yana karyawa da burodi da ruwan leda. Shi kuma ya sayo matashi ya ɗora a bencin, ya ce wai kwastomomi ne suka yi ƙorafi. Babu kwastoman da ya taɓa zama a kai. In ta koma gida da rana ta hau keke, sai wayarta ta yi ƙara.

"Maƙeriyata, kin isa lahiya? Kin bar hular alƙalaminki nan. Na ajiye, ba ni ba kowa."

"Na iso. Hular biro ce fa kawai, Malam Kuran."

"Na sani. Amma in na dube ta sai in ga kamar bencin bai zama wayam ba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta: "Ni ma gidan nan wayam yake. Sai in na zo wurinka nake jin muryata."

"To ki riƙa zuwa. In kin ƙare koyo, zan nemo wani abin da ba ki iya ba."

"Kamar me?"

"Kamar zama da ɗan Maraɗi har tsufa. Pardon in na yi gaggawa."

Ta kife wayar a cinya, ta rufe fuska da yadin da take ɗinkawa. Sai da la'asar ta ba shi amsa: "Ba ka yi gaggawa ba. Bari in gyara wa Baba abinsa tukuna, ya dawo daidai, sai ka zo ka gaishe shi."

Ranar Alhamis ta kawo hannun Ridwanu. Habibou ya riga ya je Alaba ya samo sabon analog. Ita ta kwance, ita ta ɗaga fanel, ita ta bi ƙafafun nan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara sabuwar dalma tana zuƙewa. Da ta gama, tsohon analog ya faɗo tafin hannunta da kansa. Ta dube shi, duk ya yi baƙi da dattin yatsa.

"Wannan shi ya hana Baba sukuni," ta ce, ta tura shi gefen tebur. "Ka jefar da shi, jare."

Ta liƙa sabon. Ƙafafun suka fito sumul suna ƙyalli. Suka gwada a ƙaramin talabijin ɗin shagon, ɗan ƙwallo ya tsaya cak, sai inda aka juya shi. Surayya ta yi tsalle har ta buge ƙwan fitila. Kafin azahar ta mayar da hannun inda Alhaji ke ajiye shi.

Lahadi ta zo. Bayan la'asar Alhaji Bature ya shigo falo, ya kunna gem, ya danna, ya ajiye hannun a tebur. Surayya na laɓe a ƙofar kicin.

Ɗan ƙwallon ya tsaya. Bai motsa ba.

Alhaji ya matso bakin kujera. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya jijjiga hannun, ya ajiye, ya jira. Ɗan ƙwallon na nan a tsaye a tsakiyar fili.

"Baba," ta fito da murmushi, "na gyara maka. Yanzu sai mu…"

"Wa ya taɓa?"

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Ni ce, Baba. Na ga yana jan hagu…"

"Na ce miki ya lalace?" Ya miƙe. "Yatsan Ridwanu ne ya cinye shi haka. Kullum ta hagu yake kai hari, tun yana yaro. In na kunna na ajiye, sai in ga ya tashi ya nufi hagu, kamar yana nan zaune a wurin nan. Rigunansa ba sa motsi. Takalmansa ba sa motsi. Wannan kaɗai ya rage mini da ke motsi, Surayya, kin je kin tsayar da shi."

Ya kira ta da sunanta, ba Uwata ba. Ta durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace mata.

"Ina wanda kika cire?"

"Na ce a jefar."

Ya koma ya zauna.

Washegari Gwaggo Hansai, yayar Alhaji, ta zo daga Abule Egba, kuma ita ba a ɓoye mata magana. Ta riga ta ji a bakin mata cewa ana ganin Surayya kullum a bencin wani mai gyara a Iyana Ipaja. Ta zazzage wa ƙanenta duka. Alhaji ya sa aka kira Surayya.

"Baƙon da ban san ubansa ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Mu kakanmu da kakin soja ya zo garin nan, a Agege aka binne shi, a nan aka binne ubana, a nan na binne ɗana. Shi wannan gobe in ya tashi sai ya ɗauke ki ya tsallaka iyaka. Ya sa kin raba ni da ɗaya, yanzu zai raba ni da ɗayar. Kada in ƙara jin kin taka wurin."

"Ga Ja'afaru nan," in ji Gwaggo, "ɗan gida, mun san kakansa. Shekara biyu yana bin yarinyar nan tana yanga."

Ja'afaru ɗan abokin Alhaji ne, dillalin shanu, kuma ba mutumin banza ba ne. Matsalarsa ɗaya, a ganinsa duk abin da ya lalace sabo ake saya. Da labari ya kai masa cewa rigima ta tashi a kan gem, ranar Laraba sai ga shi da ƙaton kwali, sabon gem dal da hannu biyu. "No wahala, Baba, wannan ya fi tsohon komai," in ji shi. Alhaji ya yi godiya. Kwalin ya zauna a bayan ƙofa, ko salatif ɗinsa ba a ɓare ba.

Surayya ta koma kan kekenta. Gidan ya fi da shiru, don yanzu ko "Sannu, Uwata" babu. Saƙonnin Habibou na shigowa tana karantawa, ba ta iya amsawa. Me za ta ce? Ita ta roƙe shi ya koya mata, ita ta ce ya jefar. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka ɗaure mata yatsu.

"Maƙeriyata, ya aka yi Lahadi? Baba ya ji daɗi?"

"Shiru. Ko ba ki lahiya?"

"Yau kwana huɗu. Na share benci sau uku, ban san dalili ba."

A kwana na shida wani ya shigo wanda ya bambanta da sauran.

"Ranar Laraba na rufe shago na zo layinku, in ga ko lahiya. Na ga mai mota ya shiga da kwalin sabo, na ga ke kika buɗe masa ƙofa. Na gane. Ni mai gyaran tsoho ne, ba ni da abin da ya fi haka. Allah ya sa alheri. Ba ni ƙara damunki."

Wannan karon ba ta iya shiru ba. Ta rubuta masa komai, hawaye na ɗiga a gilashin wayar: yadda Baba ya zauna yana jira, abin da ya faɗa, da hanin da ya yi mata. Ta ƙare da cewa: "Kwalin yana bayan ƙofa, ba wanda ya buɗe. Ba sabo Baba yake so ba, ni ma haka. Tsohon yake so, ni kuma da bakina na ce ka jefar. Na kashe masa Ridwanu a karo na biyu."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo.

"Yana nan."

Ranar Lahadi bayan la'asar Habibou ya yi sallama a ƙofar gidan Alhaji Bature, da jakar kayan aiki a kafaɗa, sanye da shaddarsa guda ɗaya da ya yi wa guga har tana tsayuwa. Alhaji ya amsa ciki-ciki. Habibou ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da kujera, ya gaishe shi. Sannan ya ciro wata 'yar ambulan ya ajiye a tebur da hannu biyu. An rubuta a bayanta: Ridwanu, hagu, ta hannun Surayya.

Alhaji ya zazzage ta a tafinsa. Ɗan ƙullin nan ne, baƙi da dattin yatsa.

"An ce maka ka jefar," ya ce a hankali. "Me ya hana ka?"

"Ba nawa ba ne, Baba. Ogana ya koya mini, abin da aka cire daga kayan mutum na mai kayan ne, ko ya mutu. Ina da gwangwani cike da irinsu, kowane da sunan mai shi. Wasu ba su dawowa. Amma ban taɓa zubarwa ba."

Alhaji ya daɗe yana juya abin a hannunsa. "Zai koma?"

"Zai koma. Amma fanel ɗin ya sha zahi sau biyu. Wannan shi ne na ƙarshe da zai ɗauka. In aka ja da ƙarfi, an rasa duka." Ya ɗan saci kallon ƙofar kicin. "Kuma in ka yarda, Baba, wadda ta cire ita za ta mayar. Hannunta ya fi nawa natsuwa."

Ƙarya ce, kuma su ukun sun san ƙarya ce. Alhaji ya ce, "Fito."

Surayya ta shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin falo. Aka jona ayan. Ta kwance hannun, ta ɗaga fanel, ta fara cire sabon analog ɗin da ta liƙa da murna kwana goma da suka wuce. Ƙarar abin zuƙe dalma na tashi, ƙwas, ƙwas. Ƙafa goma sha uku suka saki. Ta goma sha huɗu ta ƙi.

Ta ɗora ayan, ta jira. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta ji idon mahaifinta a kanta, ta ji yatsunta sun fara kama analog ɗin za su fizga.

"Maƙeriya," in ji Habibou can ƙasa.

Ta saki. Ta ɗauko dalma, ta ƙara wa ƙafar sabuwa, ta ga ta narke ta gauraya, ta zuƙe. Analog ya faɗo a jarida. Ta miƙa wa mahaifinta tafin hannu, ya ɗora mata na Ridwanu. Ta zaunar da shi a ramukansa, ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure, ta rufe.

Alhaji da kansa ya kunna. Ya danna, ya ajiye a tebur.

Ɗan ƙwallon ya tsaya. Sai ya ɗan karkata, ya ɗaga ƙafa, ya kama hanyar hagu a hankali, shi kaɗai, har bakin fili.

Alhaji Bature ya rufe fuska da hularsa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Surayya ta rarrafa ta dafa gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kanta. "Yafe mini, Uwata," ya ce. "Ina ta kallon wanda ya tafi, na bar wadda ke nan ita kaɗai."

Habibou ya fara tattara kayansa a hankali zai fice.

"Kai, ina za ka?" Alhaji ya share ido, ya jawo durowa, ya fito da ɗaya hannun, nasa na da, wanda ƙura ta rufe. Ya miƙa masa. Shi kuma ya ɗauki na Ridwanu, ya ɗora babban yatsansa a kan ƙullin, karon farko tun rasuwar. "Ka iya?"

"Gyara kawai na iya, Baba. Ban taɓa samun abokin bugawa ba."

"To zauna. Ka koya mata, ni zan koya maka."

Ranar an ci Habibou bakwai da nema, kuma bai taɓa jin daɗin wani abu a Legas kamar wannan cin ba.

Sauran bai zo da sauƙi ba, don Gwaggo Hansai sai da ta yi wata guda tana cewa ita ba ta ga abin gani a mai gyaran rediyo ba. Alhaji ma ya yi bincikensa. Ya je Alaba da ƙafarsa, Oga Abdulganiyu ya rantse masa cewa a shekara uku ko dunƙulen dalma yaron bai taɓa ɗauka ba. Ya sa aka tambaya a Maraɗi, aka ce gidan mutunci ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa a Agege za su zauna, inda zai iya zuwa da ƙafa. Habibou ya ce dama shi bai da niyyar nisa da falon nan. Ja'afaru ya zo ya ɗauki kwalinsa, ya yi musu fatan alheri, har ya ce ragon walima nasa ne.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Kawun Habibou ya zo daga Maraɗi ya karɓa masa, Oga Abdulganiyu na gefensa cikin babbar riga yana ta "Alhamdulillahi, omo mi," wato ɗana. Da safiyar ranar, Surayya na zaune ana mata lalle, wayarta ta yi ƙara.

"Maƙeriyata, an ɗaura. Na ji da kunnena. Hular alƙalaminki na aljihuna, yau zan mayar miki."

"Riƙe abinka, Malam Kuran. Mai hular ma taka ce."

Da za a kai ta, Alhaji ya riƙe hannunta da na mijinta. "Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku haƙurin juna, ya cika muku gida da surutu. Ya jiƙan Ridwanu da mahaifiyarsa." Aka shafa. Gwaggo Hansai ce ta fi kowa kuka.

Layi biyu ne tsakanin gidajen. Kowace Lahadi bayan la'asar Surayya kan shigo da kular abinci, Habibou na biye da ita, maƙwabta kuma sun koma leƙowa saboda ihu. Yanzu Habibou ya iya, har yakan ci surukinsa. Alhaji dai ya ƙi sauya hannu. Duk sanda ɗan wasansa ya kauce ya bar ƙwallo, sai ya daki cinya ya juyo wajen 'yarsa.

"Kin gani ko, Uwata? Ba laifina ba ne. Ƙanenki ne ya sake ja na hagu."